Waɗanne furanni na ƙasarmu zan shuka a ƙofar gida domin ƙudan zuma?

Tambaya: Wani ma'aikaci da ya tare a sabon gidansa a bayan garin Kano ya ce akwai fili tsakanin katangarsa da titi, tsawonsa kamar taku goma sha biyu, faɗinsa taku huɗu. Ba ya so ya shafe shi da siminti, ba ya kuma so ya cika shi da fulawoyin da ake sayarwa a bakin hanya, ya fi son tsirrai waɗanda asalinsu na ƙasarmu ne, waɗanda za su amfani ƙudan zuma. Yana tambayar abin da zai shuka, da lokacin shukar, da kuma ko hakan ba zai jawo wa 'ya'yansa harbi ba.

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Kafin in ambaci sunan tsiro ko ɗaya, abin da ya kamata ka fara sani shi ne watannin da ƙudan zuma ke rasa abinci a yankinka, domin shi ne zai gaya maka abin da za ka shuka. A ƙasar Kano ruwan sama yana zama sosai daga Yuni zuwa Satumba, kuma daga Agusta har zuwa kaka ko'ina fure ne: ciyawar bakin hanya, wake, riɗi, kuɓewa, har kan gero da na dawa da ƙudan ke ɗibar garin fure a kansu da sassafe. A wannan lokaci ba su da wata bukata gare ka. Wahalarsu tana farawa ne daga Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, hunturu ya busar da ciyawa, aka ƙone wadda ta rage ko dabbobi suka cinye ta, kuma ba ta ƙarewa sai ruwa ya sake sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. A daji da gonakin karkara itatuwa ne ke riƙe su a waɗannan watanni, kowane da lokacinsa: gawo yana fure bayan ɗaukewar ruwa, kaɗanya da rimi a cikin sanyi, ɗorawa wajen Fabrairu da Maris, tsamiya kuma a farkon damina. Matsalar unguwanni irin taka ita ce waɗannan itatuwan su ne farkon abin da ke tafiya idan aka yanka gona aka mayar da ita fulotai. Saboda haka darajar ɗan filin nan naka tana cikin abin da zai bayar tsakanin Nuwamba da Mayu, kuma duk tsiron da za ka ba wa wuri, ka auna shi da wannan ma'auni.

Abu na biyu shi ne ka san su wa kake ciyarwa. Idan aka ce ƙudan zuma, hankalinmu yana tafiya ga wanda ke zama a amya ko a kogon kuka, mai sarauniya da dubban ma'aikata. Wannan yana iya tafiyar kilomita biyu ko uku neman fure, wani lokaci fiye da haka, don haka ƙofar gidanka wuri ɗaya ce kawai cikin ɗaruruwan wuraren da yake leƙawa. Amma masana sun ƙidaya nau'in ƙudan da ke wannan dangi sama da 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya, ba sa zaman taro. Kowace mace ita kaɗai take haƙa raminta a ƙasa ko ta sami kafa a cikin busasshen kara, ta tara garin fure ta cuɗa shi da ruwan zaƙi, ta saka ƙwai a kai ta toshe. Ƙananan cikinsu ba sa nisa da gidansu fiye da 'yan mitoci ɗari, wanda ke nufin idan babu fure a cikin unguwa, to babu su a unguwar. Ka san wasu daga cikinsu ko da ba ka taɓa ɗaukarsu dangin zuma ba. Akwai galla, ƙananan nan marasa harbi da ke damun mutum a ido da zufa a lokacin zafi, waɗanda su kam suna zaman taro suna kuma yin 'yar zuma kaɗan a kogon itace ko tsagar bango. Akwai babban baƙin nan mai gurnani da ke huda azara da busasshen gungume. Akwai kuma wanda ba a cika ganinsa ba sai aikinsa: idan ka tarar da ganye an yanke masa gefe a zagaye sumul kamar da almakashi, ba tsutsa ba ce, wata ƙuda ce ta yanka ta tafi da shi ta shimfiɗa wa ƙwanta ɗaki. Waɗannan su ne za su fi cin moriyar filinka, kuma su ne dalilin da ya sa maganar ba ta tsaya ga fure kaɗai ba.

Game da fulawoyin bakin hanya, ra'ayinka daidai ne, ko da yake ba baƙuncinsu ne laifinsu ba. An zaɓe su ne domin idon mutum. Bogenbiliya, wadda ta cika katangun gidajen masu hali, asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma abin nan mai launi da ake gani ganye ne, furen na gaskiya ɗan siriri ne fari a tsakiya wanda harshen yawancin ƙudanmu bai cika amfana da shi ba. Wardi mai ruɓi-ruɓi an yi ta gyara shi har sassan da ke ba da garin fure suka koma ado, ƙuda ta sauka ta rasa ƙofar shiga. Oliyanda kuwa ba ta da ruwan zaƙi a furenta, ga shi kuma dukan jikinta guba ne ga yaro da akuya. Ƙudan zuma ba ya ganin ja yadda muke ganinsa, ya fi gane shuɗi da rawaya da fari, kuma yana bin ƙamshi, shi ya sa sau da yawa furen da ba shi da kyan gani ko kaɗan, kamar na magarya, shi ne za ka ji yana amo da ƙuda tun daga nesa.

Idan da tsiro ɗaya tak za a ce in zaɓa maka, shuwaka zan zaɓa. Mutane sun san ta da ganyen miya da magani, kuma saboda ana yawan tsinke ta, da yawa ba su taɓa ganin furenta ba. Idan aka bar ta ta girma ta kai tsayin mutum ko ta fi, sai ta fitar da tarin ƙananan furanni farare masu ƙamshi a kan kowane reshe, kuma tana yin haka ne a tsakiyar rani, wajen Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da ake cikin rashi. A ƙasar Habasha masu kiwon zuma suna lissafa ta cikin manyan tsirran da suke dogara da su, har ana sayar da zumarta daban. Ba ta da ƙaya, saiwarta ba ta tsaga katanga, kuma shukarta ba ta bukatar iri: a yanko reshe mai ƙwari kamar tsawon kamu ɗaya, a soka rabinsa a ƙasa mai laima a ɗan karkace, cikin makonni kaɗan zai tofo. A fili kamar naka ina ba da shawarar gindi huɗu ko biyar a jere a jikin katanga. Ka yi yarjejeniya da uwargida tun da wuri cewa biyu nata ne na miya, sauran kuwa ba za a taɓa kansu ba daga Oktoba har sai sun gama fure, domin a kan reshen ne furen ke fitowa, kuma wanda ya tsinke toho ya tsinke fure. A Kano za ta so a riƙa ba ta ruwa sau ɗaya ko biyu a mako da rani, tun da ta fi sabawa da wuraren da suka fi nan laima.

Na biyu ita ce magarya. Tana fure daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, wato tana karɓar ƙudan daidai lokacin da ciyawa ke bushewa, ta miƙa su ga shuwaka. Furenta ƙanana ne masu launin kore-kore da rawaya, a buɗe suke, ruwan zaƙinsu a fili, don haka babba da ƙarami har galla kowa yana samu. 'Yar'uwarta kurna ma haka take, kuma daga furen wannan dangi ne ake samun zumar sidir ta ƙasar Yaman da ake tsadarta a kasuwannin Makka da Madina. Kurna tana zama babbar bishiya, don haka ga filinka magarya ta fi dacewa, ita ma guda ɗaya, a can ƙarshen filin nesa da ƙofa saboda ƙayarta, kuma a bar aƙalla taku biyu zuwa uku tsakaninta da katanga. Tana jure aski, kuma tana fure ne a sabon reshe, saboda haka a rage ta a bazara bayan an gama cin 'ya'ya, ba a damina ba. Idan daga ƙwallo za ka shuka, a fasa ƙwallon a hankali a fitar da irin da ke ciki, in ba haka ba zai daɗe bai tsiro ba. Akwai kuma mai aure, wadda ake ɗora reshen wata magarya mai manyan 'ya'ya ta Indiya a kan gindin tamu, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa a ƙasashen Sahel. Ita ma ƙuda yana son furenta, kuma tana saurin haihuwa.

A bakin titi, inda kake bukatar shinge, ka sa lalle. Ya daɗe a ƙasar Hausa, yana jure fari da zafin bazara, kuma furensa fari mai ƙamshin da ke cika wuri da yamma yana jawo ƙananan ƙuda da yawa. Sharaɗinsa ɗaya ne da na shuwaka: shingen da ake aske shi kowane wata ya zama sumul ba zai taɓa fure ba, don haka a bar wani sashe ya yi tsawo yadda yake so. Sannan ka duba filin da kyau kafin ka sa fartanya. Fulotai da yawa na bayan gari tsofaffin gonaki ne, kuma akan sami kututturen sabara ko geza ko kalgo yana tofowa a gefe. Kada ka tumɓuke shi. Saiwarsa ta riga ta yi shekaru a ƙasa ta kai inda laima take, ba ya bukatar ban ruwa, kuma idan ka rage rassan ka bar biyu ko uku masu ƙarfi, zai riga duk abin da ka dasa girma. Da wannan dabara ce manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suka mayar da itatuwa a gonaki masu faɗin kimanin hekta miliyan 5 ba tare da dasa su ba. Sabara musamman tana da ƙananan furanni rawaya a dunƙule da ke daɗewa suna fitowa bayan damina.

Manyan itatuwan da na ambata da farko, gawo da ɗorawa da kaɗanya da rimi da kuka, su ne ginshiƙin abincin zuma a ƙasarmu, amma fili mai faɗin taku huɗu tsakanin katanga da wayar lantarki ba wurinsu ba ne, kuma kaɗanya takan ɗauki shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara haihuwa. Idan kana da murya a kwamitin masallaci ko na makarantar unguwa ko na maƙabarta, can ne ya kamata ka kai maganarsu.

Abin da ya rage na filin, ka ba kayan miya. A nan ne mutane kan yi mamaki, domin suna zaton furen ƙasarmu wani abu ne da sai an shiga daji an nemo, alhali yana cikin tukunyarsu. Yakuwa, rama, kuɓewa, karkashi, gasaya, riɗi, wake, garafuni da ɗaɗɗoya duk tsirrai ne da suka daɗe a wannan yanki, kuma dukansu suna da furen da ƙuda ke so, sai dai muna cinye ganyen kafin su kai ga yin sa. Ka fita wajen ƙarfe bakwai na safe ka leƙa cikin furen kuɓewa ko na rama da ya buɗe a ranar: za ka ga ƙuda ta nutse har ƙasan furen inda yake da duhun ja, ta juya a ciki, ta fito da baya jikinta duk ya yi buɗu-buɗu da gari, ta tsaya a bakin furen tana share shi da ƙafafun gaba tana tura shi zuwa na baya kafin ta tashi. Kafin azahar furen ya fara rufewa, gobe kuma wani ne zai buɗe. Riɗi da karkashi furensu kamar ƙararrawa yake, ƙuda takan shige gaba ɗaya sai ƙarshen jikinta ake gani. Amfanin kuma ba nata kaɗai ba ne. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2017 ya nuna cewa idan aka hana ƙwari masu barbarar fure isa ga riɗi, amfanin yana raguwa da kusan kashi 59 cikin ɗari, auduga kuma da kashi 37. Yawancin waɗannan na damina ne, kuma na riga na ce damina ba ita ce lokacin rashi ba, amma akwai hanyar jan su zuwa rani. Ka yi shuka ta biyu a ƙarshen Agusta domin furenta ya kai Nuwamba, sannan ka keɓe ɗan wuri kusa da inda ake alwala ka sa ɗaɗɗoya da gasaya. Ruwan alwalar gida ɗaya ya ishe su, kuma ɗaɗɗoyar da aka bari ta yi kai za ta yi watanni tana fure, ƙananan ƙuda ba sa rabuwa da ita. Ruwan wanki mai yawan omo ko bilic kada a zuba musu.

Akwai tsirrai biyu da za ka tambaye ni a kansu, don haka bari in riga ka. Zogale da darbejiya duka ba na nan ba ne, asalinsu daga yankin Indiya ne, kuma darbejiya ba ta shigo Najeriya ba sai wajen 1928, ta lardin Borno. Duk da haka ba na cikin masu cewa a guje su. Zogale idan yana samun ɗan ruwa kusan duk shekara yana fure, har a watannin Maris da Afrilu da suka fi kowane lokaci tsanani, babban baƙin ƙudan nan kuma yana matuƙar son sa, ga shi ba ya cin wuri. Gindi ɗaya ko biyu a filinka zai toshe giɓin da ba ni da wani ɗan ƙasa mai ƙaramin jiki da zai toshe shi da kyau haka. Darbejiya kuwa ba sai ka shuka ba, maƙwabta sun shuka maka, kuma tana fure a farkon bazara. Baƙon da za ka guje wa shi ne lantana, mai ƙananan furanni masu launi biyu da ake sayarwa don shinge, domin tana bazuwa ta mamaye wuri kuma tana cutar da dabbobin da suka ci ganyenta. A ɓangaren 'yan ƙasa ma akwai wadda zan hana ka: tumfafiya tana fure da rani, manyan ƙuda suna zuwa mata, amma nononta yana illa ga ido, kuma ƙofar gida wurin wasan yara ne.

Wajen tsara shukar, ka tara kowane iri wuri ɗaya maimakon ka warwatsa shi, domin ƙuda idan ta fara da wani fure takan bi irinsa har ta cika kaya, kuma ta fi saurin gano tarin fure da ya kai taku ɗaya a kowane gefe fiye da tsiro guda a nan guda a can. Ka bar hanyar shiga gida a buɗe da faɗi, kada mai wucewa ya riƙa gogar fure. Ƙasar ƙofar sabon gida yawanci cike take da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti, don haka a haƙa rami mai zurfin rabin mita ga kowane itace, a kwashe tarkacen, a cuɗa ƙasar da takin dabbobi da ya riga ya ruɓe. Takin zamani mai yawa yana sa ganye ya yi yabanya fure ya yi ƙaranci. Lokacin dashe shi ne Yuli, bayan damina ta zauna, domin saiwa ta sami wata biyu zuwa uku na ruwa kafin rani. Babban abokin gabarka a shekarar farko ba fari ba ne, awakin unguwa ne, kuma za su iya gamawa da aikin damina guda a yini ɗaya. Kowane dashe a kewaye shi da tubali da aka jera da tazara ko da waya ko da ƙaya tun ranar da aka sa shi, ba washegari ba. Idan ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa domin riƙe laima, kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara.

Sai maganar wurin kwana da ruwa, wadda yawancin masu shuka fure ke mantawa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙudan da ke zaman kaɗaici a cikin ƙasa suke gida, saboda haka filin da aka shafe da siminti ko aka jera masa intalok ya rufe musu ƙofa ko da an cika tukwane da fure a kai. Ka bar wani lungu mai samun rana, ƙasa tsirara, ba a nome shi, ba a ba shi ruwa, ba a kuma tsananta masa shara. Idan ka ga ƙananan ramuka masu faɗin bakin alƙalami da 'yar ƙasa a gefensu, kada a toshe. Ga masu zama a kara, a yanka busasshen gora ko karan rama kamar tsawon taƙi ɗaya, a ɗaure su dami-dami a rataye a jikin katanga inda ruwan sama ba ya bugu. Ratayewar tana da muhimmanci, domin tarin kara a ƙasa gidan kunama ne.

Ruwa kuwa a bazara ya kusa fin fure muhimmanci ga mai yin zuma, saboda da shi yake sanyaya gidansa ya riƙe zafin wurin 'ya'ya a wajen digiri 35 alhali waje ya haura 40. Shi ya sa kake ganinsu a bakin famfo da randa a Afrilu. Ka sami kasko marar zurfi ka cika shi da tsakuwa, ka zuba ruwa yadda kan tsakuwar zai fito su sami wurin tsayawa, ka ajiye shi a inuwa can nesa da ƙofa, a kan bulo inda yaro ba zai taka ba. A zubar a sake sabo duk kwana biyu ko uku, domin sauro yana bukatar kamar mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi. Ka fara ajiye shi tun Fabrairu, su saba da shi kafin su saba da randar maƙwabci. Kada ka sa musu ruwan sukari ko zuma a fili. Yana tara su da yawa har su yi faɗa, yana jawo rina da tururuwa, zumar wani wuri kuma tana iya ɗauke da cuta.

Duk wannan aiki feshi ɗaya yana iya rushe shi. Magungunan da ake fesa wa wake da tumatir, da fiya-fiyar da wasu ke watsawa a ƙofar gida da kwata saboda sauro, ba sa bambanta ƙudan zuma da kowane ƙwaro. Akwai kuma wani rukuni da ya fi ɓoyayyar illa, wanda tsiro ke shanyewa ya bi jikinsa har cikin ruwan fure da garinsa, ƙuda ta sha ta ruɗe ta kasa komawa gida. Tarayyar Turai ta hana amfani da guda uku daga cikinsu a fili a 2018, wato imidakulofirid da kulotiyanidin da tiyametokzam, amma ana samun irinsu a shagunan kayan noma a nan, har a cikin wasu magungunan wanke iri, don haka ka riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba ko leda. A fili ƙarami kamar naka ba ka bukatar ko ɗaya. Tsutsa a cire ta da hannu, ƙananan ƙwarin da ke manne wa toho a wanke su da ruwan sabulu marar ƙarfi. Idan ta kama dole a yi feshi, ko da na ruwan darbejiya ne, a yi shi bayan magariba lokacin da ƙuda ta koma, kuma kada a fesa a kan buɗaɗɗen fure. Maganin kashe ciyawa ma ka bar shi, domin rabin abin da muke kira ciyawa a bakin katanga fure yake yi.

Game da harbi, Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi, kuma tsoronka yana da tushe, sai dai a san inda haɗarin yake. Ƙudar da ke kan fure abinci take nema, ba ta da abin karewa a wurin, kuma ba ta harbi sai an matse ta ko an taka ta. Masu zaman kaɗaici da wuya su harbi mutum, galla kuwa ba ta da abin harbin ma. Faɗan masu zama a amya yana bakin gidansu ne, kuma nau'in da muke da shi a Afirka ta Yamma yana cikin masu zafin kare gida, yana fita da yawa ya bi mutum da nisa. Saboda haka ina hana ka da babbar murya: kada son zuma ya kai ka ga ɗaura amya ko ajiye akwatin kiwo a cikin unguwa, wurin wannan gona ce ko bayan gari inda babu yara da ɗaurarrun dabbobi. Idan wata rana taron zuma ya sauka a reshen magaryarka ya yi curi, yawanci masu ƙaura ne da ke hutawa, kuma sukan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu. A hana yara jifa, a nisanci wurin, idan sun ƙi tashi ko sun shiga silin a kira mai sana'ar zuma ya kwashe su da dare. Ƙona su da fetur, baya ga haɗarin gobara, ya saɓa wa hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya ambaci ƙudan zuma cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Wanda aka harba a kankare ƙarin da farce nan take, a wanke, a ɗora abu mai sanyi. Kumburi a wurin harbin ba abin tashin hankali ba ne, amma idan fuska ko leɓe ko maƙogwaro suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, a garzaya asibiti ba tare da jira ba. Idan a gidanka akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, to ka nemi shawarar likita kafin ka fara shukar gaba ɗaya.

A shekarar farko kayan miya ne kawai za su yi maka fure, shuwaka takan soma a ranin farko ko na biyu, magaryar da aka shuka daga iri kuma sai ta shekara uku ko huɗu. Ka sami ɗan littafi, sau ɗaya a mako ka tsaya minti goma da hantsi ka rubuta abin da ke fure da irin ƙudan da ka gani a kai. Bayan shekara za ka ga watannin da shafinsu ya fita fayau, kuma a yankinka ina sa ran Afrilu da Mayu ne. Sai ka zagaya unguwa da gonakin da ke kusa a waɗannan watanni ka ga abin da ke fure ba tare da ban ruwa ba, ka tambayi dattawan wurin sunansa, ka nemi irinsa ko reshensa domin dashen Yuli mai zuwa.